Yaƙin Raƙumi da Siffin: Yadda Za a Faɗa wa Yara Saɓanin da Ya Auku Tsakanin Sahabbai

Waɗannan tambayoyi ne da iyaye da malaman Islamiyya suke yawan yi game da fitinar da ta biyo bayan kisan Sayyidina Usman (RA). An gina amsoshin a kan fahimtar Ahlus Sunna, wadda ita ce ake karantarwa a mafi yawan makarantunmu.

Me zai sa a taɓo wa yaro wannan labari? Ba gara a bar kaza cikin gashinta ba?

A da ana iya yin haka. Yaro zai karanta sira har zuwa wafatin Manzon Allah (SAW), ya haddace sunayen halifofi huɗu, a tsaya nan, kuma yana iya yin furfura bai ji an ambaci Siffin ba. Yanzu waya ta shiga kowane gida. Ɗan shekara goma sha uku zai ari wayar yayansa ya ci karo da wani a TikTok yana cewa Nana A'isha ta yaƙi Sayyidina Ali, ko kuma a turo masa muryar wani a WhatsApp yana zagin Mu'awiya, wani kuma yana mayar da martani da abin da ya fi zagin muni.

Idan yaro ya fara jin labarin daga irin wannan baki, tambayar da za ta fara zuwa masa ita ce: me ya sa Malam bai taɓa gaya mana ba, kuma me aka ƙara ɓoye mana? Wannan zargin ya fi labarin kansa illa, domin yana taɓa amanar da ke tsakanin yaro da wanda ya koya masa addini. Yaƙin ya faru, yana cikin littattafan da manyan malamanmu suka rubuta da hannunsu. Gara ya ji shi a gida ko a aji, daga wanda yake ƙaunar duka ɓangarorin biyu.

Amma ai malamai sun ce a kame baki daga abin da ya faru tsakanin Sahabbai.

Haka ne, kuma muna kan wannan. A babin aƙida na Risala, Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya ce kada a ambaci ɗaya daga Sahabban Manzo sai da mafi kyawun ambato, a kame daga saɓanin da ya shiga tsakaninsu, kuma su ne suka fi cancanta a nema musu mafita mai kyau, a kyautata musu zato. Ku lura da wani abu: shi kansa marubucin, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya faɗa a gabatarwa cewa ya rubuta littafin ne domin a koyar da yara. Ashe ke nan fiye da shekara dubu da ta wuce, malami ya ga ya dace yaro ya san cewa an yi saɓani, sannan a koya masa ladabin da zai riƙe a kai.

Abin da ake kamewa daga gare shi shi ne zagi, da tsinuwa, da kutsawa cikin niyyar mutanen da Allah Ya yaba, da mayar da labarin abin hira a majalisa. Ba a ce a musanta abin da ya faru ba. Imam Buhari ya kawo hadisan da suka shafi waɗannan kwanaki a Kitabul Fitan da wasu babuka, bai ga cewa ya saɓa ladabi ba. Yaron da bai san komai ba, ranar da aka jefo masa maganar ba zai iya kamewa ba. Ko dai ya ƙaryata abin da yake gaskiya a kunyata shi, ko ya haɗiye duk abin da aka ba shi.

Ni kaina ban riƙe labarin da kyau ba. Mene ne ya faru?

A ƙarshen halifancin Sayyidina Usman ƙorafi ya yi yawa a wasu garuruwa game da gwamnoni. Wasu jama'a daga Masar da Kufa da Basra suka taho Madina, suka kewaye gidansa. Sahabbai da 'ya'yansu sun nemi su kare shi da takobi, cikinsu har da Hasan da Husaini, amma ya hana a zubar da jini dominsa. A watan Zulhajji na shekara ta 35, wato 656 Miladiyya, aka haura gidan aka kashe shi, yana dattijo mai shekara tamanin da ɗoriya, Alƙur'ani yana gabansa.

Aka yi wa Sayyidina Ali mubaya'a a Madina, gari yana cike da waɗanda suka yi tawayen. Daga nan tambaya ɗaya ta raba kan mutane: yaushe za a hukunta makasan Usman? Sayyidina Ali yana ganin sai mulki ya zauna, kowa ya shigo ƙarƙashin shugaba ɗaya, domin makasan sun saje da jama'a kuma suna da ƙabilu a bayansu. Ɗalha da Zubair da Nana A'isha suna ganin jinkiri zai sa jinin halifa ya tafi a banza. Suka tashi daga Makka zuwa Basra domin neman goyon baya. Sayyidina Ali ya bi su da runduna. An yi ta aike tsakanin ɓangarorin, har ruwayoyi suka nuna an kusa daidaitawa, sai faɗa ya ɓarke. Wannan shi ne Yaƙin Raƙumi, a shekara ta 36, kusa da Basra. An kira shi haka ne saboda Nana A'isha tana cikin darbuka a kan raƙumi, kuma a kewayensa faɗan ya fi tsanani. Zubair ya bar fagen, wani mai suna Ibn Jurmuz ya bi shi ya kashe shi a hanya. Ɗalha kuwa kibiya ce ta same shi.

Sai Sham. Mu'awiya yana gwamna a can tun zamanin Sayyidina Umar, kuma ɗan dangin Usman ne, Banu Umayya. Ya ƙi yin mubaya'a sai an miƙa makasan. Rundunonin biyu suka haɗu a Siffin, bakin kogin Furat, a shekara ta 37. Aka gwabza, Ammar bin Yasir ya yi shahada a ɓangaren Ali, daga baya mutanen Sham suka ɗaga Alƙur'anai a kan masu suna kiran a koma ga hukuncin Littafin Allah. Aka wakilta Abu Musa Al'ash'ari da Amr bin As su sasanta, zaman bai warware matsalar ba. Wasu daga rundunar Ali suka ɓalle, suka kafirta shi saboda ya yarda da sasancin. Su ne Hawarijawa, ya yaƙe su a Nahrawan a shekara ta 38. Ɗaya daga cikinsu, Abdurrahman bin Muljam, shi ne ya sare shi a Kufa cikin watan Ramadan na shekara ta 40 yana fitowa sallar Asuba. Aka yi wa Hasan mubaya'a, bayan 'yan watanni ya sauka ya bar wa Mu'awiya, a shekara ta 41, wadda ake kira Shekarar Haɗin Kai.

Idan uba ko uwa suka riƙe wannan kaɗai, ya isa su amsa mafi yawan tambayoyin yaro.

Daga shekara nawa za a fara?

Kafin yaro ya kai goma, ba ya bukatar labarin yaƙin. Abin da yake bukata shi ne ya san mutanen, ya so su. A ba shi labarin Usman da ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi, da Ali da ya kwanta a shimfiɗar Annabi daren Hijira, da Ɗalha da ya kare Annabi ranar Uhudu har hannunsa ya shanye, da Zubair da Annabi ya kira shi hawarinsa, wato mataimakinsa na musamman, da Nana A'isha da manyan Sahabbai suke zuwa tambayarta. A wajenmu wannan aiki yana da sauƙi, domin sunayen suna cikin gida. A tsakar gida ɗaya za ka samu Aliyu da Indo da Zubairu da Ɗalhatu, ga Shehu mai sunan Usman, ga tagwaye Hassan da Hussaini, wani lokaci har da Mu'awiya. Kakanninmu da suka raɗa waɗannan sunaye a gida ɗaya sun riga sun koyar da aƙidar tun ranar suna. Ku fara da mai sunan kowane yaro.

Daga goma zuwa goma sha uku, lokacin da ake karanta tarihin halifofi, a faɗi gaskiyar a taƙaice: an kashe Usman da zalunci, Sahabbai sun saɓa a kan yadda za a bi jininsa, har aka yi yaƙi, daga baya Hasan ya sasanta. Ba a bukatar bayanin raunuka ko adadin gawawwaki. Lambobin da ake faɗa ma sun sha bamban daga ruwaya zuwa ruwaya.

Wanda ya shiga babbar sakandare kuwa a buɗe masa sosai, har da maganar ruwayoyi da masu ruwaya. Amma shekaru ba ƙa'ida ba ce mai tsauri. Duk ranar da yaro ya zo da tambayar da bakinsa, lokacinsa ya yi, ko da shekararsa tara.

Idan ya ce, "Baba, to wa ke da gaskiya?" Me zan ce?

Ku amsa masa, kada ku kewaye. Jumhurin malaman Sunna sun tafi a kan cewa Sayyidina Ali ne a kan daidai, kuma suna da dalili. Lokacin da ake ginin masallacin Madina, Annabi (SAW) ya faɗa game da Ammar cewa ƙungiyar da ta ƙetare iyaka ce za ta kashe shi. Hadisin yana cikin Buhari, Muslim ma ya kawo ma'anarsa, kuma a hannun rundunar Sham Ammar ya faɗi. A Sahih Muslim kuma akwai hadisin da ya ce wata ƙungiya za ta ɓalle a lokacin da Musulmi suka rabu, wanda ya fi kusa da gaskiya a cikin ɓangarorin biyu shi zai yaƙe ta. Ali ne ya yaƙi Hawarijawa.

Wasu iyaye suna tsoron faɗin haka, suna ganin kamar rage darajar ɗaya ɓangaren ne, sai su ce "duk suna da gaskiya". Wannan amsa ba ta gamsar da yaro mai hankali, kuma ba ita malamai suka bayar ba. Ga yadda za a iya faɗa masa:

"Ɗana, Sayyidina Ali shi ne halifa, kuma ra'ayinsa ne daidai. Waɗanda suka saɓa masa suna neman a hukunta makasan Usman ne, abin da suke nema hakki ne, amma hanyar da suka bi kuskure ce. Kuskurensu bai fitar da su daga imani ba, bai kuma share abin da suka yi wa Musulunci ba. Muna son su duka, muna nema musu gafara, hisabinsu yana wajen Allah."

Sai a buɗe masa aya ta 9 a Suratul Hujurat, inda Allah Ya ce idan ƙungiyoyi biyu na muminai suka yi faɗa a sasanta su. Ku sa shi ya karanta da kansa, ya ga cewa ayar ta kira su muminai alhali suna faɗa, ayar da ke biye kuma ta kira su 'yan'uwa.

Yarinyata ta ce: ta yaya waɗanda aka yi wa bushara da Aljanna za su ɗaga wa juna takobi?

Tambaya ce mai kyau, ku gaya mata haka kafin ku amsa. Usman da Ali da Ɗalha da Zubair duk suna cikin goman da aka yi wa bushara. Sai dai a aƙidarmu Annabawa ne kaɗai aka kare daga saɓo a isar da saƙon Allah. Sahabbai mutane ne, suna fushi, suna kuskuren lissafi, labari yakan zo musu a karkace. Bushara da Aljanna tana nufin Allah Ya san ƙarshensu kuma Ya yarda da su, da kuskuren da komai.

Abin da ya fi ratsa zuciyar yaro shi ne ya ji yadda su kansu suka ɗauki juna. Lokacin da Ammar ya je Kufa yana tara wa Ali mayaƙa, ya hau mumbari ya rantse cewa A'isha matar Annabinku ce duniya da lahira, amma Allah Ya jarraba ku da ita. Wannan yana cikin Buhari, kuma mai maganar yana shirin fita yaƙi da ɓangarenta ne. Da makashin Zubair ya zo wajen Ali yana tsammanin tukuici, Ali ya ce a yi masa bushara da wuta. An kuma ruwaito Ali ya gaya wa ɗan Ɗalha cewa yana fatan shi da Ɗalha su kasance cikin waɗanda Allah Ya ce Zai cire ƙulli daga ƙirazansu, su zauna 'yan'uwa suna fuskantar juna, kamar yadda ya zo a Suratul Hijr. Bayan Yaƙin Raƙumi bai bari a kama kowa bawa ba, bai bari a bi wanda ya gudu ba.

Ku kuma ambata mata cewa akwai manyan Sahabbai da suka ƙi shiga kowane ɓangare, irin su Sa'ad bin Abi Waƙƙas da Abdullahi bin Umar da Muhammad bin Maslama da Usama bin Zaid. Lamarin ya rikice har ga waɗanda suke cikinsa.

Me za a ce game da Nana A'isha musamman?

A nan ne aka fi jifan yaranmu da maganganu, don haka a shirya su. Ruwayoyin da muke dogara da su sun nuna ta fita ne da nufin a bi jinin Usman kuma a gyara tsakanin mutane, abin ya kuɓuce daga hannun kowa. Ta yi nadamar fitar, an ruwaito tana kuka idan ta tuna. Sayyidina Ali ya mayar da ita cikin girmamawa, ya haɗa ta da ɗan'uwanta Muhammad bin Abubakar, wanda yake cikin rundunar Ali ɗin, da mata 'yan rakiya daga Basra. Ta rayu fiye da shekara ashirin bayan haka a Madina tana karantarwa, an ruwaito hadisai sama da dubu biyu daga gare ta, aka binne ta a Baƙi'a.

Ina roƙon malamai da abu ɗaya. Kada darasin ya koma gori ga 'yan mata, a ce "kun ga abin da fitar mace take jawowa". A aji akwai A'isha uku ko huɗu suna saurare. Maza dubbai ne suka zare takubba a ranar, kuma matar da ake magana a kanta uwar muminai ce da nassin Alƙur'ani.

Ba sai kawai a ce Abdullahi bin Saba ne ya haddasa komai ba?

Wannan amsa tana da daɗin bayarwa domin tana rufe magana da wuri, amma ba na ba da shawarar a tsaya a kanta. Babu shakka akwai masu hura wuta, kuma waɗanda suka kashe Usman suna da amfani a ci gaban rikici, domin zaman lafiya yana nufin a kama su. Sai dai yawancin bayanin rawar da Ibn Saba ya taka a waɗannan kwanaki ya zo ne ta hanyar Saif bin Umar, wanda malaman hadisi suka raunana. Haka ma Abu Mikhnaf, wanda aka ɗauko labarai da yawa na Siffin daga gare shi, sun soke shi. Imam Ɗabari, wanda ya rasu a shekara ta 310, ya gargaɗi mai karatu tun a gabatarwar tarihinsa cewa shi ya kawo abin da aka ruwaito masa ne, idan an ga abin ƙyama to daga masu ruwayar yake.

Matashi ya kamata ya san wannan, domin mai gardama a intanet zai ce masa "yana cikin Ɗabari", kamar hakan ya isa hujja. Ku koya masa ya tambaya: wa ya ruwaito? Ku kuma gaya masa cewa akwai dalilai na zahiri. Daula ta faɗaɗa daga Masar har Farisa cikin 'yan shekaru, dukiya ta kwararo, mutane masu yawa sun shiga Musulunci ba su zauna da Annabi ba, kuma an yi ƙorafi cewa gwamnonin manyan garuruwa dangin halifa ne. Ko ƙorafin ya yi daidai ko bai yi ba, bai halatta jinin Usman ba. Amma yaron da ya san cewa jita-jita da ƙorafin mulki suna iya kai al'umma ta gari ga zubar da jini ya ƙaru da abin da zai amfane shi a ƙasarsa.

Muna da maƙwabta 'yan Shi'a, yaranmu suna makaranta ɗaya. Yaya za a yi?

Ku gaya wa yaro gaskiyar bambancin ba tare da ƙari ba. 'Yan Shi'a suna ganin Sayyidina Ali ne Annabi ya ayyana ya gaje shi, don haka suna ɗaukar waɗanda suka yaƙe shi a matsayin masu tawaye ga imami, hukuncinsu a kansu ya fi namu tsanani nesa. Mu ba mu yarda da haka ba, kuma kun riga kun ba shi dalilanmu. Ba kowane ɗan Shi'a ne yake zagi ba. A shekarar 2010 jagoran Iran, Ayatullah Khamenei, ya ba da fatawar haramta cin mutuncin matan Annabi da manyan da Ahlus Sunna suke girmamawa.

Abin da za a koya wa yaro a aikace shi ne kada ya fara, kada ya rama zagi da zagi. Idan aka ci mutuncin Sahabi a gabansa ya ce bai yarda ba, ya tashi daga wurin, ya zo ya faɗa a gida. Ku kula sosai kada kare Sahabbai ya sa yaro ya riƙa jin nauyin yabon Ali da iyalansa, kamar na wasu ne. A kowace tahiya yana yi wa iyalan Annabi salati, kuma Ali gadanga ƙusar yaƙi kirarinmu ne tun kaka da kakanni.

Idan ya kawo maganar da ban taɓa ji ba fa?

Ku ce, "Ban sani ba, amma za mu tambaya." Imam Malik ya shahara da wannan amsa, bai kuma rage masa komai ba. Sai ku cika alkawarin, ku tafi tare wajen malamin da kuka amince da iliminsa da natsuwarsa. Kada ku yi masa tsawa, kada ku ce wa ya koya maka wannan. Yaron da aka kore shi da tambaya zai kai ta wani wuri, kuma ba zai sake kawo muku ba.

A ina ya kamata darasin ya tsaya? Sai an kai Karbala?

A tsaya a sulhun Hasan. Annabi (SAW) ya faɗa a kan mumbari, Hasan yana gefensa yana ƙarami, cewa wannan ɗan nawa shugaba ne, kuma Allah Zai sasanta manyan ƙungiyoyi biyu na Musulmi ta hanyarsa. Buhari ya ruwaito shi, kuma ya tabbata a shekara ta 41. A nuna wa yara cewa a nan ma Annabi ya kira ɓangarorin biyu Musulmi. Daga nan a sa su haddace addu'ar da ke aya ta 10 a Suratul Hashr, ta neman gafara ga 'yan'uwan da suka riga mu imani.

Shahadar Husaini a Karbala ta faru ne a shekara ta 61, shekara ashirin bayan sulhun, a zamanin Yazidu ɗan Mu'awiya, wanda ba Sahabi ba ne. Mutanenta daban, hukuncinta daban, domin a can ba a maganar ijtihadin Sahabbai biyu; jikan Annabi ne aka kashe da zalunci, kuma haka za a faɗa wa yaro. Idan aka cusa ta cikin wannan darasi sai yara su cakuɗa Mu'awiya da Yazidu, su cakuɗa Siffin da Karbala. A ware mata zama na musamman, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne farkon Muharram, sa'ad da ake shirin azumin Tasu'a da Ashura, yara ma da kansu suke tambaya.